Daren farko a siririn jirgin kanal: mu kama hanya ko mu kwana kusa?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa hawa siraran jiragen nan na kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙa don jirage. Abban Iman ya kama mana hayar ɗaya a hutun yara na ƙarshen watan Mayu, daga Litinin zuwa Juma'a. Daga Manchester za mu taso, mu karɓi jirgin a wajen Alvechurch, kudu da Birmingham. Mu bakwai ne: ni da shi, yara uku (babbar shekararta 11, autan 4), Hajiya mahaifiyarsa da ta zo mana daga Kano, sai ƙaninsa da ke karatu a Jami'ar Birmingham. An ce mu iso ƙarfe biyu da rabi na rana. Shi lissafinsa, muna karɓar makulli mu zuba kaya mu kama hanya, a kwana a tsakiyar Birmingham a daren. Ni kuwa ko inda zan aje tukunya ban sani ba. Me ake yi a sa'o'in farkon nan? Me zan ɗauko, me zan bari a gida?

Ɗan Gusau: Wa alaikumus salam Anti. Ai Yaya ya yi daidai. Daga Alvechurch zuwa Gas Street Basin da ke tsakiyar Birmingham kusan mil 11 ne, kuma babu lok ko ɗaya a tsakani, wato wurin nan mai ƙofofi da ake cika ruwa ko a rage don a ɗaga jirgi ko a sauke shi. Jirgin yana yin mil 4 a awa, ko awa uku ba za ku cika ba. Kuɗin haya aka biya, don me za a ɓata yini guda ana jera kofuna?

Baba Injiniya: Ɗan Gusau, mil 4 ɗin nan iyaka ce da doka ta sa, ba gudun da ake yi ba. Duk inda ka ga jirgi a ɗaure sai ka rage mai har ƙasa ka wuce shi a hankali, in ba haka ba igiyar ruwanka ta fizge masa turke, mai jirgin ya leƙo ta taga ya gaya maka abin da ba ka so. Kowace gada kuma kanal ɗin matsewa yake, sai ka saita. Wanda ya saba yana yin mil biyu da rabi zuwa uku a awa. Hanyar nan awa huɗu da rabi ce, ga sabon hannu ka ce biyar.

Sannan ƙarfe biyu da rabi lokacin isowa ne, ba na tashi ba. Za ku tarar da wasu iyalan su ma sun zo karɓar nasu. Ma'aikaci zai zagaya da ku cikin jirgin daga gaba har baya, ya nuna muku inji da gas da banɗaki, sannan ya hau tare da ku ya ga yadda matuƙi ke riƙe sandar tuƙi. Awa guda ce wannan, wani lokaci ta fi. In kun bar wurin ƙarfe huɗu da rabi, kun yi sa'a. Ɗora biyar a kai, tara da rabi ke nan, rana ta faɗi. Kamfanonin haya ba sa yarda a tuƙa jirginsu da dare, yana cikin takardar da maigida zai sa wa hannu.

Maman Iman, ga abin da zan ce miki. Ku tashi a ranar, amma kada ku wuce Hopwood. Tafiyar kamar awa guda ce, ana ɗaure jirgi a can, kuma kafin ramin Wast Hills yake. Ku ɗaure da sauran rana, kowa ya san makwancinsa, a dafa abinci, a yi Magariba cikin natsuwa. Ramin a bar shi sai da safe.

Maman Iman: Baba, wane rami kuma? Wannan ai ba a gaya min ba.

Baba Injiniya: Kanal ɗin ya ratsa ta ƙarƙashin tudu ne. Tsawonsa yadi 2,726, kusan kilomita biyu da rabi, babu fitila a ciki sai ta jirginku, babu kuma hanyar ƙafa a gefe. Minti talatin zuwa arba'in za ku yi a ciki, ruwa na ɗiga daga sama. Jirgi biyu na iya gilma juna, amma tazarar kaɗan ce. Ba abin tsoro ba ne ga wanda ya yi awa biyu yana tuƙi ya fara jin jirgin a hannunsa. Ga wanda ya karɓi sanda minti sittin da suka wuce, ga gajiyar tuƙin mota daga Manchester, ga yara na kukan yunwa, ban ba da shawara ba.

Maman Iman: Innalillahi. Hajiya fa da ƙyar aka shawo kanta. Tun hatsarin kwale-kwalen Bagwai na 2021, wanda ya ci 'yan Islamiyya, ta ce ita da ruwa sai a buta. Yanzu in ce mata har ƙarƙashin ƙasa za a bi da ita?

Anti Nas: Allah Ya jiƙan yaran nan. Maman Iman, ki kwantar mata da hankali da gaskiya, kada a ɓoye mata komai. Wannan ruwan ba kogi ba ne, ba dam ba ne. Kwance yake, ba ya gudu, ba ya tumbatsa, a yawancin wurare zurfinsa bai wuce ƙugu zuwa ƙirjin babba ba, gaɓa kuma tana nan kusa da ke ta kowane ɓangare. In ramin ne ba ta so, akwai mafita: tashar jirgin ƙasa ta Alvechurch tana dab da kanal ɗin, layin kuma ya bi ta Bournville da Selly Oak da Jami'a, gefe da gefe da ruwan. Ƙanin mijinki ya san layin. Ya ɗauke ta ranar Talata da safe su tare ku a Bournville. Sai dai daga Hopwood sai sun ɗauki tasi zuwa tasha, ku sa wannan a lissafi.

Yaran kuwa, ki karɓar musu rigar kariya kafin su taka jirgin, kamfani ke bayarwa. A gwada wa kowa daidai jikinsa a nan take, musamman autan. Duk wanda bai iya ninƙaya ba ya sa, har manya, ba abin kunya ba ne.

Kawu daga Kano: Ni dai ina karantawa ina mamaki. Mutum yana da gida mai ɗakuna, ya biya fam ya koma kwana a lungu mai faɗin tabarma. Allah Ya ba da sa'a. A gaida Hajiya.

Baba Injiniya: Kawu bai yi ƙarya ba a kan faɗin. Ƙafa 6 da inci 10 ne daga waje, domin lok-lok ɗin da aka gina tun ƙarni na 18 faɗinsu ƙafa 7 ne, dole jirgi ya shige. Tsawo ne yake da shi, na mutum bakwai ko takwas zai kai ƙafa 65 zuwa 70. Wannan kanal ɗin naku an gama shi 1815, kaya ake ɗauka a kansa, doki na ja daga bakin ruwa. Hanyar ƙafar da za ku riƙa sauka a kai, hanyar dawakin nan ce.

Hajja Bilki ta Leicester: Bari in shigo ta ɓangaren kaya, don nan ne mata ke shan wuya. Maman Iman, akwati mai tauri ko ɗaya kada ya shiga jirgin. Babu inda za ki cusa shi, zai tsaya miki a hanya kwana huɗu kowa na tsallakawa. Ki zuba kaya a jakar bakko ko jakar yadi, kuna isa a juye su cikin durowa da ƙarƙashin gado, a naɗe jakunkunan a mayar mota. Motar a farfajiyar kamfani za ta kwana har ku dawo, to duk abin da kika ga ba shi da wurin zama, mayar da shi but ɗin mota tun kafin a kunna inji.

Rabon gado a yi shi da farko, kafin yara su kama wanda suka ga dama. Gadon mutum biyu faɗinsa kamar ƙafa huɗu ne, na mutum ɗaya kuwa in kin juya da ƙarfi kina ƙasa. Hajiya a ba ta wanda ba a naɗewa, na kusa da banɗaki. Akwai wanda da rana teburin cin abinci ne, da dare a sauke shi ya zama gado. Wannan na ƙanin miji ne, shi zai riƙa kwanciya a ƙarshe ya tashi da farko. Ki kuma duba matakalar baya, tsaye take sosai. In Hajiya na fama da gwiwa, ta riƙa shiga ta ƙofar gaba, can kuma akwai ɗan wurin zama a waje, nesa da ƙarar inji. Nan za ta fi so, ki rubuta ki aje.

Kicin kuwa: murhun gas ne mai kai huɗu ko ƙasa da haka, da ƙaramin firji. Tukwanensu na dafa taliyar mutum uku ne. Ki zo da tukunyar tuwonki ɗaya matsakaiciya da muciya, da wuƙarki mai kaifi. Miya ki dafa a gida ki daskarar da ita a roba-roba, ta zama ƙanƙarar kula a hanya, ku ci ta daren farko da na biyu. Nama na halal ba za ki samu a ƙauyukan bakin kanal ba, abin da ke bakin ruwa galibi mashaya ce. Ki soya naki ki taho da shi, in kun shiga Birmingham a sake saye a Coventry Road ko Alum Rock.

Maman Iman: Allah Ya saka da alheri Hajja. Tukunyar shinkafa ta lantarki fa? Da ita na saba. Sannan Hajiya ba ta kwana a ɗakin da ba a yi turaren wuta ba, kaskonta ma ta zo da shi daga Kano.

Anti Nas: Tsaya nan. Kaskon nan ya zauna a Manchester. Ba wasa nake ba. Gawayi yana fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai wadda ke kashe iyali guda a gida idan aka kwana da janareta a cikin ɗaki. Jirgin nan akwatin ƙarfe ne mai ƙaramin ciki, ba ta buƙatar lokaci ta cika shi. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji su. Tun Afrilun 2019 dokar lafiyar jiragen nan ta wajabta ƙararrawar wannan iska a cikinsu. Ki ce a nuna miki inda take, a danna ta a gabanki ki ji kukanta, yara ma su ji. Haka ta hayaƙi.

Abu na biyu, za ki ga 'yan ramuka masu raga a jikin ƙofofi da wasu kamar naman kaza a rufi. Da dare sanyi zai shigo ta nan, hannu zai yi ƙaiƙayin cusa tsumma. Kada a toshe ko ɗaya. Kuma kada a kunna murhu don ɗumama ɗaki, akwai hita, ki ce a koya miki kunna ta.

Hajja Bilki ta Leicester: Ki tafi mata da humra da turaren fesawa, a shafa a labule da matashi. Za ta yi ƙorafi daren farko, ta haƙura.

Ɗan Gusau: To a kai kaskon waje mana, a kan rufi, in ya kama a shigo da shi minti biyu.

Anti Nas: A'a. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da iskar ba. Ɗan Gusau, yau dai ka tashi da neman magana.

Baba Injiniya: Gas ɗin girki ma a kula. Ya fi iska nauyi, in ya zuba ba ya fita ta taga, ƙasan jirgi yake gangarawa ya taru. A nuna muku akwatin da silinda ke ciki da yadda ake rufe ta. In an ji wari, a kashe wuta, a rufe silinda, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki, kowa ya fita a kira kamfani.

Tukunyar shinkafa kuma, tambayi kamfani ƙarfin inbatarsu, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, kafin ki ɗauko. Wutar jirgi daga batir take, mai bolt 12, inji ke cika shi idan ana tafiya. Cajin waya da talabijin ba matsala. Duk abin da ke yin zafi, dutsen guga, na'urar busar da gashi, butar lantarki, shi ke shanye batir. Ga kuma ƙa'idar hukumar Canal & River Trust, mai kula da kanal-kanal na Ingila da Wales tun 2012: ba a kunna inji a ɗaure daga takwas na dare zuwa takwas na safe. In batir ya mutu ƙarfe goma, firji ya tsaya, famfo ya tsaya, sai gari ya waye. Daren farko ne aka fi faɗawa wannan, saboda tafiyar awa guda ba ta ƙara wa batir wani abu ba. Ku yi tattali a daren, shinkafa a dafa ta a gas. Ruwan zafi ma inji ke dafa shi, don haka wanka da yamma bayan an tsaya ya fi na asuba daɗi.

Hajja Bilki ta Leicester: Tunda an zo ruwa, bari in faɗi wanda kowa ke jin nauyin faɗa. Banɗaki. Duk abin da ya shiga masai, tanki yake tafiya a ƙarƙashin gado, ba ya fita sai an je an zuƙe shi da inji, kuma biya ake. Su sun auna tankin da mutanen da ke amfani da takarda kawai. Mu masu buta, mutum bakwai, kafin Laraba jar fitilar tankin na iya kamawa. Ki zo da ƙananan butoci, ba irin manyan nan ba, ki yi wa yara bayani. Da rana in kuna cikin gari a yi amfani da na gari. Ki tambayi ma'aikacin tun ranar farko inda ake zuƙewa a hanyarku. Tsumman goge jarirai mai laima ko audugar mata kada su shiga, suna toshe injin, kuma ku za a caja.

Ɗan Gusau: To a yi tsarki a wurin shawa mana, ai ba tankin yake zuwa ba.

Malam na Small Heath: Ba tankin yake zuwa ba domin kai tsaye cikin kanal yake zuba, shi da na wurin wanke-wanke. Ruwan da mutane ke kamun kifi, ma'aikata ke sa hannu a ciki. Bai dace ba ko kaɗan, kuma mu aka hana ƙazantar da ruwan da ke kwance. Alwala a wurin wanke hannu babu laifi.

Anti Nas: Kuma kada wanda ya ɗebi ruwan kanal ya yi alwala ko ya kurkure baki. Akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a irin wannan ruwa, tana shiga ta ciwo ko ido ko baki. Wanda ya taɓa igiya ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Wanda ya faɗa ciki ya yi wanka nan da nan, in zazzaɓi ya biyo baya cikin makonnin da ke tafe a gaya wa likita an shiga ruwan kanal.

Maman Iman: Malam, tunda kun shigo, sallah fa? Hajiya za ta tambaye ni gabas tun kafin ta zauna. Kuma kasaru za mu yi ko cikawa?

Malam na Small Heath: Alƙibla daga yankin Birmingham tana wajen digiri 118, wato gabas ce da ta karkata kudu. Kanal ɗinku daga kudu ya miƙa arewa, saboda haka a mafi yawan wurare za ku tsaya ne a karkace cikin jirgin, ba tsawonsa za ku bi ba. Kada ki yarda da abin da waya ta nuna miki a ciki, jikin jirgin ƙarfe ne, yana ruɗa ta. A fita bakin ruwa, a ɗan matsa, a duba, a kama wata alama kamar bishiya ko gini, a dawo. Kowane dare sai an sake, tunda kanal lanƙwasa yake.

Jirgin da ke ɗaure ba ya wani motsin da zai hana tsayuwa, to mai iko ya tsaya. Hajiya in gwiwa ta hana, hukuncinta ɗaya da na gida. Sahu ba zai yiwu a ciki ba, wurin da ya fi faɗi shi ne falo in an naɗe teburi, mutum biyu da ƙyar. Maza za su so su shimfiɗa a bakin ruwa, to a duba ƙasa da kyau, hanyar masu yawo da karnuka ce, a kuma bar wa masu keke wurin wucewa.

Kasaru: a mazhabar Malikiyya tafiyar da ake yi wa ita ce mil 48 na lissafin malamai, wajen kilomita 80, zuwa kaɗai. Daga Manchester kun wuce haka nesa ba kusa ba, kuma ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, to ku matafiya ne. Ƙanin maigida dai ban ga ta inda zai yi kasaru ba, jirgin ma ta bayan makarantarsu zai wuce. In shi ya ja sallah, ku cika tare da shi.

Ɗan Gusau: Malam, amma ai jirgin ya zama gidansu na kwana huɗu, da gado da kicin. Mutum na gida yana kasaru?

Malam na Small Heath: Gado ba shi ke mayar da mutum mazauni ba, niyyar zama a gari ce. Wanda ya ga ya fi samun natsuwa da cikawa, sallarsa ta yi. Abin da ya fi damuna shi ne lokaci: ƙarshen Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, alfijir kuma na fitowa da wuri ƙwarai. Wanda ya yini yana tuƙi a tsaye ya sa ƙararrawa biyu.

Abban Iman: Assalamu alaikum. An ce min ana shari'ata a nan ba na nan. Baba, na karɓi maganar Hopwood, ban da ja. Amma ni abin da ya sa na zaɓi wurin nan Tardebigge ne, lok 30 a jere, babu jerin da ya kai shi a ƙasar nan. A ce mun zo har bakinsa ba mu taɓa ba?

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Talatin in ka sauka, talatin ne in za ka hau, kuma jirgi mai ƙafa 65 ba ya juyawa sai a wurin da aka faɗaɗa don haka. Masu ƙarfin aikin lok a jirginka mutum nawa ne? Kai kana kan sanda, uwargida na riƙe da autan, saura ƙaninka da yarinya 'yar shekara 11. Yini guda sauka, yini guda hawa, hutun ya ƙare ke nan, Hajiya ba ta ga komai ba sai bangon bulo mai gansakuka. In kun isa Birmingham, ku taka daga Brindleyplace zuwa Farmer's Bridge, lok 13 ne a jere cikin gari, ku tsaya ku ga yadda ake yi. Ranar Alhamis in kun dawo da wuri, ku wuce Alvechurch zuwa saman Tardebigge, ƙananan ramuka biyu ne a hanya, ku ɗaure ku bi jerin da ƙafa. Ka tambayi kamfani inda ake juyawa kafin lok na farko. Baɗi ka tara samari huɗu ku zo ku yi shi.

Tunda kai ne matuƙi, ga naka na ranar Litinin. Waya a aljihu lokacin bayani, ƙaninka kuma ya tsaya kusa ya ji komai, domin dole wani ya karɓe ka. Sandar in ka tura ta hagu, jirgi dama zai yi. Babu birki, ribas ne birkinka, kuma a ribas jirgin ba ya jin sanda sosai. Nauyinsa ya haura tan 15, daga tsakiya yake juyawa, in gaba ya yi dama baya zai yi hagu. In kun haɗu da wani jirgi, ka riƙe dama, ba kamar titin ƙasar nan ba. Kada kowa ya tsaya inda sandar ke shara, in ta daki wani abu a ƙarƙashin ruwa tana iya wurga mutum, farfela kuma a nan ƙasa take. Kada wanda ya sa hannu ko ƙafa don tare jirgi daga bugun bango, bar shi ya buga, an yi shi don haka.

A bayan jirgi akwai wani murfi a kan farfela, ta nan ake cire leda da igiya in sun naɗe. Ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihunka kafin ka sa hannu. In ka gama ka ɗaure murfin tam, domin in ya yi sako-sako ruwa ta nan zai shigo, jirage sun nutse a kan haka. Ka ce ma'aikacin ya bar ka ka buɗe ka rufe da hannunka a gabansa. Akwai kuma ɗan famfon giris da ake murɗawa kowace yamma bayan an tsaya, da duba mai da ruwan inji da safe.

Abban Iman: Ɗaurewar fa? Ko ina aka ga dama?

Baba Injiniya: Ɓangaren hanyar ƙafa, ɗaya ɓangaren galibi na masu gona ne ko masu gida. Ban da bakin gada, ban da kwana, ban da wurin juyawa, ban da bakin lok da wurin ɗiban ruwa. In akwai zobe ka ɗaura a zobe. In babu, akwai turaku da guduma a jirgin, ko ƙugiyar da ake saƙalawa a ƙarfen gaɓa. Igiya kada ta gitta hanya. Turke a ɗaura masa farar leda don mai tafiya da dare ya gani. Wanda zai sauka da igiya ya jira jirgi ya matso ya taka, ba tsalle ba, kuma ba da silifas ba.

Hajja Bilki ta Leicester: Wannan ta silifas ɗin har da mu. Takalmi mai roba a ƙasa. Doguwar abaya da zurmemen hijabi a bar su sai an shiga gari, a jirgi ki sa wanda ya tsaya a gwiwa da wando a ciki, gefen jirgin da ake takawa bai fi tafin hannu ba, ga ƙugiyoyi ko'ina. Maigida ma babbar riga ta jira Juma'a, tunda tara na safe ake mayar da jirgi, zai samu masallaci a Birmingham a tsanake. Rigar sanyi da ta ruwan sama kowa ya ɗauko, ko da an ce za a yi rana.

Shawa kuma akwai maɓallin da ake dannawa ya zuƙe ruwan, don ƙasan wurin ya fi ruwan kanal zurfi, ba ya fita da kansa. Ki nuna wa yara da Hajiya tun da rana. Tankin ruwa a cika kullum, makullin famfunan bakin kanal yana cikin waɗanda za a ba ku, tiyo na gaban jirgi. Na sha dai ni na roba nake saye.

Maman Iman: Na rubuta duka. Gobe zan kira su in tambayi inbata da girman rigar autan da wurin zuƙe tanki. Na karanta wa Hajiya maganar Anti Nas, ta ce kaskon ta bari, amma ramin sai ta ga bakinsa da idonta kafin ta yanke. Saura wa zai gaya wa ƙanin Abban Iman cewa a teburi zai kwana.

Abban Iman: Ke za ki gaya masa, ni na gaya masa maganar kasaru ya ce sai ya ji daga bakin Malam.

Malam na Small Heath: Ya same ni bayan Isha'i ranar Asabar, ya zo da taswirar hanyar.